Layin Da Na Shafe A Bangon Malam Gimba

A wannan watan ne Yaya Ɗahiru ya cika shekara tara da rasuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, in jujjuya shi a hannu, in mayar aljihu. Ba abin faɗa na rasa ba. Abin faɗar ne ya yi mini nauyi, ni kuwa tun da na tsufa na zama mai gudun duk abin da zai hana ni barcin rana. Bana dai an biyo ni har zaure da maganar, don haka ku yi haƙuri da ni, zan faɗe ta yadda take.

Yayana ne ciki ɗaya, ya ba ni shekara bakwai. Tela ne. A unguwar Dogo Tebo ta garin Potiskum aka haife shi, a nan ya yi ɗinkinsa har idonsa ya daina ganin kafar allura. Ni malamin firamare ne, na yi ritaya ban taɓa riƙe makaranta ba, amma tun ranar da na fara koyarwa ya laƙaba mini Hedimasta, kuma a gaban kowa yake kira na haka. Mutum ne mai taurin kai na ban mamaki. Idan ka kawo yadi ka ce ga irin ɗinkin da kake so, zai saurare ka da kyau, ya gyaɗa kai, sannan ya ɗinka maka wanda shi ya ga ya dace da kai.

Akwai wani fili a bayan gidan Malam Gimba, kusa da masallacin layinmu, wanda tsofaffi suke kira zango. Malam Gimba ɗan ƙabilar Ngizim ne, 'yan asalin garin nan, manomi, gidansu yana wurin tun unguwar tana gonaki. A filin nan fatake suke sauke kaya idan sun taso daga yamma za su Barno. Kakanmu, Mamman Mai Kanwa, yana cikinsu. Daga Bebeji ta ƙasar Kano yake tasowa da jakuna, ya kai goro da tufafi, ya dawo da kanwa. A wata tafiyar ciwon ƙafa ya kwantar da shi a zangon, ayari ya wuce ya bar shi, mahaifin Malam Gimba ya yi jinyarsa, ya yanka masa wurin da zai kafa bukka. Bai sake komawa ba. Yawancin gidajen layinmu irin labarinsu ke nan, garin ne kawai yake bambanta.

Lokacin da muka zama magidanta zangon ya riga ya koma bola. Wata Asabar sai ga Yaya da manjagara da baron aro, shi kaɗai, yana kwasar shara. Muka zauna a majalisa muna kallonsa, har da masu cewa ko zafin kan keken ɗinki ne ya taɓa shi. Asabar ta biyu mutum uku suka bi shi don kunya. Kafin damina ta faɗi abin ya zama aikin gayya na unguwa, mata suna aiko da kunu daga cikin gidaje, masu kura suna kwashe tarkace kyauta. Ni ma na fita, amma gaskiya na fi yawan riƙe wa mutane riguna.

Da aka share wuri sai ya fito da ainihin abin da yake ransa. Ya ce kowane gida ya shuka bishiya ɗaya, amma ba za a saya a bakin titi ba, sai an ɗauko ta daga garin da kakan gidan ya fito. Mutane suka ce wannan ai wahala ce, darbejiya tana ko'ina. Ya ce bai hana kowa darbejiya a ƙofar gidansa ba. Haka aka yi ta ba direbobi saƙo. Zazzagawa suka sa aka kawo musu rimi, wani gida na mutanen Damagaram suka samo dabino, 'yan Haɗeja suka kawo giginya ana yi musu dariya, wai jikokinsu ma ba za su ga 'ya'yanta ba. Aka tambayi Malam Gimba shi wace zai kawo. Ya ɗaga sandarsa ya nuna tsohuwar kukar da take tsakiyar filin.

"Ni ba zan aiki direba ba," in ji shi. "Ga tawa can. A jikinta kakanku ya ɗaure jaki."

Tamu kuwa Yaya ya ce da ƙafarsa zai je ya ɗauko, don babu wanda ya taɓa taka Bebeji a gidanmu tun bayan kaka. Ya ce in raka shi. Na ce ina da takardun jarrabawa da zan duba, alhali aikin yini ɗaya ne. Ya yi kwana huɗu ya dawo da dashen ɗorawa a cikin gwangwanin madara, ya rungume shi a cinya tun daga Kano har tashar Potiskum. Ya samo gidan. Ya tarar da wata tsohuwa, 'yar ƙanin kakanmu, wadda ta riƙe masa hannu tana kuka, ta lissafa masa dangi har zuwa sama. A zaurena ya zauna yana ba ni labarin nan. Ni kuwa kunnena ɗaya yana kan rediyo, ina cewa "Allah sarki" a inda ya kamata.

Ruwa ne matsalar shuka a garin nan, kowa ya sani. Dabarar da ya yi ita ce, a gindin kowane dashe ya binne tsohon tulu mai 'yar huda a ƙasa, bakinsa kawai a waje, ya rufe da fasasshen kasko. Ya yanka durom biyu ya ajiye a wurin alwala na masallaci. Bayan kowace salla sai ya kwashe ruwan alwalar da bokiti ya zuzzuba a tulunan, su kuma su riƙa tsattsafo da shi a hankali zuwa saiwa. Ya kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki. Ya yi rigima da masu awaki a unguwar nan fiye da yadda ya yi da masu ɗinkin salla.

Sai maganar bango. Malam Gimba ya ba da bayan katangarsa da ke fuskantar filin, aka yaɓe ta da siminti, aka shafa fari. Yaya ya ce a rubuta sunan kowane gida, da sunan wanda ya fara zuwa, da na mahaifinsa, da unguwa da garin da ya baro. Tun da ni ne mai kyan rubutu, ni aka ba buroshi. Yana tsaye a bayana yana faɗa, ina rubutawa, ina ƙorafin rana. Layi ashirin da wani abu ne. Namu ne na huɗu.

Bayan 'yan shekaru ɗana Nasiru ya gama sakandare, za a nema masa gurbin karatu da tallafi, aka ce sai da takardar indijin, wato shaidar cewa shi ɗan asalin jihar nan ne. Wanda bai taɓa zama a garin da aka haifi ubansa ana ce masa baƙo ba, ba zai gane abin da takardar nan take yi wa zuciya ba. A nan aka haifi mahaifinmu, a nan aka binne shi, a nan aka binne kakanmu da 'ya'yana biyu da suka rasu suna ƙanana. Amma a majalisa kullum akwai mai labarin wani da aka tambaya, "Garin kakanka fa?" Idan ka ce to bari in je Kano, can ma cewa za a yi kai ɗan Yobe ne. Ban san ko labaran nan gaskiya ne ba, na dai san sun hana ni sukuni. Duk sanda na wuce ta zango sai in ga shaida a kaina, da manyan baƙaƙe, kuma da rubutun hannuna.

Na sami Yaya a shago na ce a cire layinmu, ko na ɗan lokaci ne, har yaron ya samu. Bai ɗaga ƙafarsa daga keke ba.

"Hedimasta, kunyar kakanka kake ji?"

"Ba kunya ba ce, Yaya. Tsoro nake ji."

"To je ka ji tsoronka a gida. Bangon ba naka ba ne."

Raina ya ɓaci, na ce shi 'ya'yansa mata ne, duk sun yi aure, bai san abin da ake ciki ba. Magana ce da bai kamata ta fito daga bakina ba. Bayan kwana uku, da tsakar ranar bazara, lokacin da ko kaza ba ta yawo, na ɗauki ragowar farin fenti na je na shafe layi na huɗu. Sau uku na bi ta kai don kada inuwar baƙaƙen ta fito. Na dawo gida na wanke hannu da kananzir, na kwanta kamar ban yi komai ba.

Da la'asar ya gani. An ce ya daɗe a tsaye da bokiti a hannu, sannan ya ci gaba da zuba ruwa a tuluna. Bai tayar mini da maganar ba, ran nan ko bayan nan. Ya ci gaba da ɗinka wa iyalina kayan salla, yana zuwa suna da biki, muna gaisawa kullum a masallaci. Abu ɗaya ne ya canza. Daga ranar bai sake ce mini Hedimasta ba, sai Malam Sule, yadda iyayen yara suke kira na. Da ya zage ni a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi.

Abin takaicin shi ne, babu wanda ya tambayi Nasiru komai. Mai unguwa ya sa hannu, Malam Gimba ya tsaya masa shaida, takarda ta fito cikin mako guda. Da na je yi wa tsohon godiya, ya dube ni ta ƙasan ido ya ce, "Malam Sule, ni da na dangwala hannu, kana tsammanin ban san daga inda kuka zo ba? Ubana ne ya ba kakanku ruwa. Da fentin nan wa ka ɓoye wa?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Mai hankali a ranar zai ɗauki buroshi ya gyara ɓarnarsa. Ni sai na ce bari ƙannen Nasiru su ma su samu tukuna. Da suka samu, sai na ce bari maganar ta ƙara kwantawa. Shi kuma Yaya duk bayan damina yakan sayi ƙaramin gwangwanin baƙin fenti ya bi baƙaƙen da ruwa ya cinye, da karkataccen rubutunsa na tela. Ya bi na ɗaya, na biyu, na uku, ya tsallake, ya ci gaba daga na biyar. Shekara shida yana haka. Ya san abin da ke layin sarai, zai iya mayar da shi cikin minti goma. Ni yake jira, kuma na san ni yake jira.

Cikin shekarun ne garin nan ya shiga tashin hankalin da ba sai na tuna wa kowa ba. Mutane suka daina zama a fili, majalisu suka watse, kowa yana sallamewa ya shige gida. Shi kaɗai za ka hango da bokitinsa tsakanin bishiyoyi. Da abubuwa suka fara lafawa sai ciwo ya kama shi. Ranar ƙarshe da na gan shi da hankalinsa, na shiga ɗakin da maganar a bakina, na tarar da mutane cike, sai na ɓige da tambayar ko ya sha maganin safe. Ya ce, "Na sha, Malam Sule." Washegari ya cika.

Bayansa filin ya koma gidan jiya a hankali. Manyan motoci suka mayar da gefe ɗaya wurin kwana, masu napep suka kama ɗaya gefen da wanki, leda ta rufe ko'ina. Rimin ya mutu. Dabinon yana nan amma bai taɓa haihuwa ba. Ɗorawarmu kuwa, kamar da gayya, ta fi kowace girma, har mata suna rububin kalwarta. Na canza hanyar zuwa masallaci don kada in riƙa bi ta ƙarƙashinta.

A daminar bara ne Adamu, ɗan Malam Gimba, wanda yake sana'ar walda, ya tara magidantan unguwa da matasa suka sake tayar da aikin. Sun yi ƙoƙari, ba zan rage musu ba. An kwashe shara, an roƙi direbobi sun matsa, Adamu ya haɗa kujerun ƙarfe, an kewaye wurin da tsofaffin tayoyi, an kafa fitila mai aiki da hasken rana. Nakan zauna in ce, da Yaya zai leƙo me zai ce? Na san zai tsaya ya kalli masu ɗaukar hoto da manjagara a hannu, waɗanda sun fi masu sharar yawa, ya tambaye su ko wayar ce za ta kwashe bolar. Na san zai yi faɗa a kan simintin da aka zuba har gindin giginya. Amma na san a ƙarshe zai karɓi bokiti, don bai iya kallon aiki ba.

Abin da zai fi ba shi dariya shi ne ranar da masu haƙa suka ci karo da tulu a binne, baki a rufe, a gindin bishiya. Suka haƙa ta gaba, ga wani. Nan take aka watsar da shebur, labari ya zaga cewa an binne wa unguwa asiri, shi ya sa kasuwa ba ta tafiya kuma 'yan mata ba sa samun miji. Har an aika a kira malamin da zai yi addu'a, an fasa guda huɗu, kafin a fito da Malam Gimba a kan kujera. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce asirin Ɗahiru tela ne, ruwan alwala ake zuba masa. Shekara takwas kacal da rasuwarsa, har an manta. Yanzu an sayo sababbin tuluna an mayar, ladan ne yake kula da su.

Da aka zo kan bango ne dariya ta ƙare. Gida biyu suka ce wa Adamu kada a sabunta sunansu, suna da yara masu neman aiki. Ban ga laifinsu ba, ni ne na ƙarshen wanda zai iya ganin laifinsu. Nasiru ma, da ya ji ana maganar, ya kira ni daga Damaturu inda yake aiki yanzu, ya ce, "Baba, don Allah a bar wurin nan yadda yake, ina da yara." Na ji muryata ce sak take dawo mini ta waya. Na ce masa na bi wannan hanyar kafin shi, na san inda take kaiwa, kuma a wannan karon ba shawararsa nake nema ba. Har yau gaisuwarmu a taƙaice take. Abin da Yaya ya so ya kashe da bishiyoyinsa yana nan da ransa, wannan ne ya fi gajiyar da ni.

Adamu ya zo zaurena ya durƙusa ya ce, "Baba Malam, saura layi na huɗu. Babanmu ya ce kada wanda ya taɓa, kai za a tambaya." Na gaya masa komai, shi ne mutum na farko da na faɗa wa da bakina. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur ɗinsa, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ranar Asabar na sa tsohuwar riga, aka kafa mini benci, jama'a suna tsaye a bayana. Na tsoma buroshi a baƙin fenti. Na rubuta, Gidan Mamman Mai Kanwa. Na rubuta, ɗan. Sai na tsaya. Fenti yana ɗiga a kan takalmina, ina ta laluben sunan a kaina, babu shi. Sunan unguwar ma babu.

Mun gwada kankare farin fentin a hankali da reza, simintin ya ɓalle da shi gaba ɗaya, don na shafa shi da kyau. Na je wurin matar Yaya, ta ce ya sha faɗa amma ba ta riƙe ba. 'Ya'yansa ma haka. Malam Gimba ya ce shi Mai Kanwa kawai ya sani, su ba sa tambayar baƙo sunan ubansa. A watan jiya na shiga mota na je Bebeji, tafiyar da na ƙi yi da lafiyata na yi ta da sanda. Mutanen kirki ne, sun ba ni wurin zama da fura, sun kai ni wurin tsofaffi uku. Kowanne ya tambaye ni wane gida, wace unguwa, ita tsohuwar da yayanka ya gani mene ne sunanta. Na ce ban sani ba. Ɗayansu ya ce, Malam, Mamman da suka bi jakuna gabas ba su dawo ba ai suna da yawa. Na kwana ɗaya na juyo.

Idan aka ce in auna abin da ya rage na Yaya Ɗahiru, to ba kaɗan ba ne. Akwai inuwa a inda da bola ce. Akwai gidaje kusan ashirin da yaransu za su iya tsayawa a gaban bango su karanta daga inda aka ɗauko su, a jikin katangar mutumin da ubansa ya karɓe su. Gidan da ya yi wa wahalar ne kawai, nasa, bai samu ba. Adamu ya ce a haɗe rubutun a sa "daga Bebeji" kawai, babu wanda zai lura. Na ce a'a, a bar guraben biyu a buɗe yadda suke.

Saboda haka idan akwai wani a Bebeji da ya taɓa jin tsofaffin gidansu suna maganar wani tela daga Potiskum, dogo, mai gardama, da ya zo ya roƙi dashen ɗorawa a gwangwanin madara, don girman Allah ya neme ni ta hannun wannan jarida. Ba gado nake nema ba, suna biyu ne kawai.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ruwan da ya ɗauka ya zame masa sanyi a kabari. Sau biyu ya faɗa mini sunan nan, a zaurena da kuma a gaban bango, a hankali, baƙi bayan baƙi. Ni ne ban saurara ba.